Iska, Ruwa da Mazauni: Wa Ke da Alhakin Cutar Gari?

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, babu magidanci a ƙasar Madarunfa da bai san cewa kowace cuta da lokacinta ba. Idan damina ta kankama, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masassarar cizon sauro ce ke cika asibitoci da ƙananan yara. Idan iskar hunturu ta buso da ƙura, sai tari da mura da ciwon ido. Idan zafi ya matso, iyaye su shiga fargabar sanƙarau, wanda da zarar ruwan farko ya sauka sai ya lafa. Haka kuma kowace cuta da wurinta: yaron da ke wanka a tabki da kududdufi shi ke fitsarin jini na tsargiya, ɗan tudu bai cika saninta ba. Duk wannan mun san shi. Amma ranar da aka ɗauki gawar yaro zuwa maƙabarta, abin da muke cewa shi ne kwana ya ƙare. Gaskiya ne, babu mai musun ajali sai wanda imaninsa ya raunana. Tambayarmu dai ita ce: shin wannan magana ta rufe bakin wata tambayar, wato ko akwai wanda za a tuhuma da ran yaron nan ranar gobe?

Ba mu ne farkon waɗanda suka lura da alaƙar cuta da mazauni ba. A ƙasar Yunan, wadda ake kira Girka yau, an haifi wani likita a tsibirin Kos wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Larabawa suna kiransa Buƙuraɗu, Turawa kuma Hipokiratis. Cikin littattafan da ake jingina masa akwai wani ɗan ƙarami a kan iskoki da ruwaye da garuruwa, wanda aka rubuta domin likita matafiyi. Nasihar littafin ita ce, idan likita ya sauka garin da bai sani ba, kafin ya taɓa majinyaci ya fara duba garin kansa. Wace kusurwa ya fuskanta, gabas ko yamma? Wace iska ce ke shigarsa, mai zafi ko mai sanyi? Ruwan da mutanensa ke sha na fadama ne, ko na dutse, ko mai gishiri? Ƙasar fili ce ko kurmi, kwari ce ko tudu? Mutanen kuma masu aikin ƙarfi ne, ko masu ci da sha da kwanciya? Yana ganin wanda ya san waɗannan zai iya faɗin cututtukan da za su zo a shekara tun ba su zo ba. Garin da ya fuskanci gabas ya fi yabawa, saboda hantsi na kore hazo, ruwansa kuma garau. Na yamma ya kushe shi.

Inda ya fi daɗewa shi ne batun ruwa, nan ne kuma ɗan Madarunfa zai ji kamar da shi ake. Ya siffanta masu shan ruwan fadama da na tabkin da ba ya gudu, ya ce za ka same su da babbar saifa mai tauri, ciki mai tauri, kafaɗu da fuska a rame, da zafi ya shigo kuma sai atuni da zawo da masassara mai tafiya tana dawowa bayan kwanaki. Duk uwar da ta taɓa lalubar haƙarƙarin hagu na ɗanta bayan kaka ta san wannan saifar. Ya ce ruwan sama ya fi kowane ruwa sauƙi da daɗi, amma ya fi saurin lalacewa, don haka a dafa shi. Ya ce inda gulabe da yawa suka gauraya ake samun tsakuwar mafitsara. Ya kuma kawo misalin mutanen bakin kogin Fasis, gabas da Bahar Aswad, masu gina ɗakunan katako da kara a cikin ruwa, suna zirga-zirga da kwalekwale, suna shan ruwan da rana ta dafa a wuri guda, jikinsu rawaya-rawaya kamar masu shawara.

Akwai wata magana a littafin da ta fi waɗannan nauyi. Ya ba da labarin wata ƙabila ta mahaya dawaki, Sikitiyawa, waɗanda wasu mazajensu kan rasa ƙarfin namiji. Mutanen ƙasar suka ce hukunci ne daga abin bautarsu. Marubucin ya ce shi ma ya yarda daga sama abin yake, amma haka kowace cuta take, babu wadda ta fi wata, kuma kowace da dalilinta a cikin halitta. Sai ya kafa hujja: cutar masu dukiya take kamawa, waɗanda ke wuni bisa doki, alhali su suka fi talakawa yanka da baiko ga gumakansu. In da fushi ne kawai, ai da talaka ya fi cancanta. Bayanin da ya bayar game da jijiyoyi kuskure ne, shi kansa kuma mutumin jahiliyya ne mai alloli barkatai. Amma tambayar da ya yi, wato wa cutar ke kamawa, wa take bari, kuma me ya raba su, ita ce tambayar da ma'aikatan lafiya ke yi har yau idan annoba ta ɓarke.

Wannan ilimi bai tsaya a hannun Yunanawa ba. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, ya yi wa littafin sharhi a ƙarni na 2. A Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, shi da almajiransa suka mayar da littattafan likitocin Yunan zuwa Larabci. Abin lura a nan shi ne asalin sharhin Jalinusu na Yunananci ya ɓace, da fassarar Larabci ce duniya ke karanta shi. A ƙarni na 11 wani likitan Misira, Ali ɗan Ridwan, ya ɗauki ma'aunin Buƙuraɗu ya auna garinsu da shi. Ya bayyana Fusɗaɗ a matsayin gari na kwari mai matsattsun lunguna, inda mutane ke jefa mushen karnuka da kyanwoyi a hanya, suna zuba ƙazanta a kogin Nilu, daga nan kuma suke ɗiban na sha. A ganinmu a nan ne maganar ta ɗauki sabon salo. Buƙuraɗu ya yi magana a kan iska da ruwa kamar yadda aka halicce su. Ɗan Ridwan ya nuna hannun mutanen gari a cikin ruwan garinsu.

Kada wani ya zaci sai da aka fassara littattafan Yunan Musulmi suka san haka. Lokacin da Muhajirai suka isa Madina, Sayyidina Abubakar da Bilal sun kwanta da masassara. Nana A'isha (R.A.) ta ba da labarin cewa garin ya yi suna da annoba a lokacin, ta kuma ambaci kwarin Buɗhana da ke gudana da gurɓataccen ruwa. Dubi yadda ta haɗa biyun. A shekara ta 17 bayan Hijira, Sayyidina Umar ya lura jikin mayaƙan da suka zauna Mada'in ya sauya, suka rame, launinsu ya canja. Da ya tambaya aka ce masa rashin lafiyar wurin ce. Bai ce su yi haƙuri da ƙaddara ba. Ya sa aka aiki Salmanu da Huzaifa su nemo wuri busasshe wanda zai karɓi Balarabe da raƙuminsa, aka kafa Kufa. Shekara guda bayan haka, da annobar Amwas ta faɗa wa Sham, Umar ya juya daga Sarg da mutanensa. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk gefen da ya kora raƙumansa da ƙaddara ya kora su, amma babu mai hankalin da zai zaɓi ƙeƙasasshen. Daga baya ya rubuta wa Abu Ubaida ya fitar da rundunar daga ƙasa mai laima zuwa tudu.

Saboda haka bin sababi ba baƙon abu ba ne da aka aro daga Yunanawa ko Turawa. Abin da ya kamata mu tsaya a kai shi ne wuraren da likitocin dā suka yi kuskure, domin har yanzu muna maimaita shi.

Sun ga fadama, sun ga masassara, sai suka ce tururin fadamar ne ke ɓata iska, ko ruwan ne ke dagula ɗabi'o'in jiki guda huɗu, wato jini da majina da safra'u da sauda'u. An fi shekara dubu biyu a kan wannan zato. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa, Laberan, ya ga ƙwayar cutar a jinin majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ros ya same ta a cikin sauro a Indiya. Ashe fadamar gidan sauro ce kawai. Tsutsar tsargiya a 1851 aka gano ta a Alƙahira, daga baya aka fahimci a jikin dodon koɗi take girma kafin ta huda fatar mai wanka. A 1854 wani likita a Landan, Jon Sino, ya bi gidajen da amai da zawo ya yi kisa, ya ga duk daga famfo ɗaya suke sha.

Darasin da ke cikin wannan ya shafe mu kai tsaye. Buƙuraɗu da ido da hanci da harshe yake auna ruwa. Mu ma a Ahalari da Ishmawi da Risala mun karanta cewa ruwan tsarki shi ne wanda launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai jirkita da wani abu daga waje ba. Malamanmu sun ma ce wanda ya jirkita da ƙasar mazauninsa ko gansakuka ba ya fita daga tsarkakewa. Hukuncin daidai yake a babinsa, domin maganar ingancin alwala ake, Shari'a kuma ta sauƙaƙa. Kuskuren namu ne, da muka ɗauki hukuncin alwala muka mayar da shi hukuncin sha. Ruwa na iya zama mai tsarki mai tsarkakewa, sallarka ta inganta da shi, amma moɗa guda daga cikinsa ta kashe jariri kafin gari ya waye. Mutanen Tibiri, nan kusa da Maraɗi, sun ga haka da idonsu. An haƙa musu rijiyar burtsatse a 1985, ruwa garau, babu wari babu launi, kowa ya yi murna. Shekaru suka shuɗe ana ganin yara da haƙora masu tsatsa da ƙafafu a lanƙwashe, ɗaruruwansu, kafin a tabbatar cewa sinadarin fulorayid ne ya yi wa ruwan yawa, ya ninka miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. Babu mahaifiyar da za ta gane wannan da harshenta. Wanda ke da na'urar awo shi ke da alhakin awo.

Kuskure na biyu ya fi muni. Rabin ƙarshe na littafin Buƙuraɗu ya wuce lafiyar jiki ya shiga halayen al'ummomi. Ya ce mutanen Asiya masu taushi ne da tsoro saboda yanayin ƙasarsu ba ya sauyawa, na Turai kuma jarumai saboda sanyi da zafi sun gasa su. Wannan magana ta yi tafiya mai nisa. Ibnu Khaldun a Muƙaddimarsa ta 1377 ya jingina halayen baƙaƙen mutane ga zafin ƙasarsu, ko da yake ya yi watsi da abin da Mas'udi ya ciro daga Jalinusu na cewa ƙwaƙwalwarsu ce mai rauni, ya ce magana ce mara hujja. 'Yan mulkin mallaka kuwa sun same ta a shirye, suka ce zafi ne ya sa mu lalaci, cuta kuma rabon ƙasashenmu ce. Abin mamaki, shi marubucin Yunan ɗin ya warware zancensa da kansa, domin ya yarda cewa mutanen Asiya da ke mulkin kansu ba a ƙarƙashin sarki mai danniya ba, sun fi kowa jarumta. Ashe ba iska ba ce, tsarin zama ne. Mu kuma yau mun karɓi irin wannan magana mun sa mata rawani. Bature ya ce yanayinku ne, mu muka ce ƙaddararmu ce, sakamakon guda ne: kududdufin yana nan inda yake.

Ga shi kuwa mun ga mazauni ya sauya a gabanmu. Tsohon garin Maraɗi a cikin kwarin gulbi yake, har ambaliyar 1945 ta rushe shi, aka tashi aka hau tudu. Dattawanmu sun san kurkunu, sun san manomin da ya kwana damina guda a ɗaki da ƙafa a kumbure, gonarsa ta zama saura. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ke fama da shi a duniya. Ba a samo masa allura ba, ba a samo ƙwaya ba. Tace ruwa da ƙyalle aka yi, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon tsoma ƙafa a tabki. A 2013 aka tabbatar da Nijar da Nijeriya sun rabu da shi. Idan wani ya ce mana kakanninmu sun sha ruwan tabki sun rayu, sai mu tambaye shi 'ya'ya nawa kakarsa ta haifa, nawa ta binne.

Mu dawo ga tambayar farko. A farkon watan Yulin 2018 aka fara ganin amai da zawo a cibiyar lafiya ta N'Yalwa, kusa da iyaka, a jikin mutanen da suka fito daga wajajen Jibiya. Kafin shekarar ta ƙare waɗanda suka kamu a ƙasar sun haura 3,500, fiye da 70 suka rasu, kuma gundumar Madarunfa ce ta ɗauki kaso mafi girma. Abu ne mai sauƙi a ce daga ƙetare aka kawo mana. Amma dangi ɗaya muke da Katsinawa, kasuwa ɗaya, gulbin Maraɗi ma daga can yake gangarowa, har madatsar Jibiya da ke kansa tana rage mana ruwa ko ta sako mana. Baƙo ya kawo ƙwayar, amma da ba ta tarar da hanya a buɗe ba, da ta tsaya a gida ɗaya. Hanyar kuwa guda ce tak: daga bayan gidan wani zuwa bakin wani. Magana ce mara daɗin ji a masallaci, amma Manzon Allah (S.A.W.) bai ji kunyar faɗinta ba. Ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu. Ya tsoratar da biyan buƙata a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa, ya kira su abubuwan da ke jawo tsinuwa. Ya yi umarni a rufe ƙorai a ɗaure bakin salka da dare. Mun daɗe muna karanta waɗannan a babin ladubba, kamar ƙananan abubuwa ne na kyautata ɗabi'a. Da abin da muka sani yau, sun fi kusa da babin jini.

Wahalar wannan haƙƙi ita ce ba a san mai shi ba. Wanda ya ci bashi ya san ƙofar da zai je ya biya. Wanda ya mari ɗan'uwansa ya san fuskar da zai roƙa gafara. Amma wanda ya tsuguna a gaɓar gulbi da damina, ko ya haƙa salga kusa da rijiyar unguwa, ko mai sayar da ruwa da ya cika jarkokinsa daga inda ya san ba shi da kyau don ya fi kusa, bai san wa ya sha ba, wanda ya sha ma bai san shi ba. Ba mu ce kisan ganganci ya yi ba, wannan hukunci na malaman fiƙihu ne. Sai dai a Shari'a wanda ya haƙa rami a kan hanyar jama'a wani ya faɗa ya mutu, ana ɗora masa lamuni, ko da bai yi nufin kowa ba. Ba mu ga abin da ya raba ramin da rijiyar da aka gurɓata ba, illa dai shi ramin ana ganinsa.

Za a ce mana talaka fa? Wannan ƙorafi ne mai ƙarfi, ba za mu raina shi ba. Matar da ke tafiyar awa guda da tulu ba ta da zaɓi tsakanin ruwa biyu. Itacen da za ta dafa ruwan sha da shi shi ne na tuwon dare. Gidan da hatsinsa ya ƙare a watan Yuni ba ya lissafin kuɗin siminti na salga. Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. Amma idan nauyin ya sauka daga kanta, ba ɓacewa ya yi ba, komawa ya yi kan mai iko: hukumar da ke karɓar haraji, da mai gari, da attajirin da ya je Hajji sau biyar alhali famfon unguwarsu ya shekara a mace saboda ƙarfe guda. Sayyidina Usmanu rijiyar Ruma ya saya ya bar wa Musulmi, da ita aka yi masa bushara. Muna kuma ganin garuruwa da masallatan Juma'a biyu suna kallon juna, babu makewayi ko ɗaya mai kyau a kasuwarsu.

Mu da ke rubuta wannan ba mu fita daga ciki ba, domin masallatanmu ma mazauni ne, kuma likitan Kos da zai shigo da ma'auninsa da nan zai fara. Ruwan alwala yana kwance a bayan katanga wata da watanni, sauro na ƙyanƙyasa a ciki, kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa mai cizo. Randar sadaka a ƙofa, moɗa ɗaya, mutum ɗari na tsoma hannu har wuyan hannu. Makarantun allo da almajirai sittin ko tamanin babu salga, da asuba sai bayan gari ko bakin tabki, tabkin da masunta ke ci daga gare shi, masu lambu ke ban ruwa, masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 ke saukowa gaɓarsa. Ma'aikatan lafiya sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, salgar kuma ta kasance ta gangare. Sun ce randar jama'a a yi mata murfi da famfo a gindi, ko moɗa mai dogon mariƙi. Sun ce idan annobar amai da zawo ta shigo, wankan gawa a bar wa waɗanda aka horar, da ruwan kulorin, kada masu wankan su wuce kai tsaye zuwa tukunyar abincin zaman makoki. Mita 30 taki arba'in ne na babban mutum, kuma kowane kwamitin masallaci yana iya aunawa bayan sallar La'asar.